Ranar da Hukuma Ta Kwance Mini Noti

Jama'a, jiya da safe ramin kwanar gidan burodi ya ci ni da yaƙi. Ku mutanen unguwarmu ta Cascalho kun san ramin, tun da da shi ake yi wa baƙi kwatancen gidana. Na ɗauko matata Nilza daga kasuwa a cikin Filomena, tsohuwar motata mai gado da murhu da labule a ciki, wadda na saya tun ina da gashin da zan taje. Na kauce wa ƙaramin rami cikin gwaninta, sai na faɗa wa babban wansa. Ji kake ƙwas! Bayan motar ya yi sama, ya dawo, ya sake yin sama, ya ci gaba da lilo kamar kwalekwale har ƙofar gida. Ƙwan da Nilza ta sayo suka zama waina tun ba su ga kasko ba.

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashi. Shakazoba na baya, wato ƙarfen nan da ke shanye girgizar hanya don kada ta iso ƙashin bayan mutum, ya fashe yana zubar da mai kamar mai kuka. Ɗan'uwansa na ɗaya gefen ma da ganinsa ka san ya daɗe da yin ritaya, bai dai sanar da kowa ba.

Nilza ta sauko tana shafa tsakar kanta. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Belmiro, ka saurare ni da kyau. Watan Jussara ya kama. Ranar Asabar zan tafi Guarapari, ko a Filomena ko a bas. In kuma bas ce, kujera ɗaya zan kama."

Jussara ita ce 'yarmu tilo, wannan kuma jikanmu na fari. Ɗaki ɗaya take zaune ita da mijinta a can bakin teku. Uwa tana iya shimfiɗa tabarma kusa da 'yarta, amma suruki namiji mai minshari sai ya zo da ɗakinsa. Ɗakina kuwa Filomena ce. In ba ta tashi ba, kukan jikana na farko a waya zan ji shi, kamar sakamakon ƙwallo.

Za ku ce me ya hana ni kai ta gareji. Ai kun manta bakanikenmu a ƙetaren gada yake, gadar kuwa tana hannun gyara. Mai Girma Sarkin Alkawari, Garkuwan Talakawa, Hasken Lunguna, Allah ya ƙara wa motarsa tsawo, ya rufe ta tun zaɓen da ya wuce don ya gina mana wadda ta fi ta. Kada wani ya ce ba a yi aiki ba. An kafa allo. Allon nan ni ban taɓa ganin mai kyansa ba: ga hoton gadar da za a gina, ga motoci na sheƙa gudu a kanta, ga tsuntsaye a sama suna murna. Da ana iya tuƙi a kan allo, da mun fi kowane gari ci gaba. Mu dai katako biyu aka gitta mana na masu ƙafa. A kansu na bi na je shagon kayan mota, na sayo shakazoba biyu, na dawo ina rungume da su kamar tagwaye.

Farfajiyar gidana ba ta da faɗin da za a kwanta a ƙarƙashin mota, don haka a bakin titi na buɗe gareji. Na sa duwatsu a tayoyin gaba, na sassauta notunan taya, na ɗaga ta da jak. Zan shige ƙarƙashi ke nan Nilza ta fito tana mirgino kututturen da take sara nama a kai.

"Tokare ta da wannan. Jak ɗin nan ya girmi Jussara. Ba zan je ganin jika da baƙaƙen kayan takaba ba."

Kun ji yadda ake soyayya a gidanmu.

Ban gama cire taya ba sai ga Osmar da kujerarsa ta roba da rediyonsa. Osmar maƙwabcina ne, tsohon kwandastan bas, kuma shi ne uban baftismar Jussara, shi ya sa muke kiran juna kompadre. Ya yi shekaru yana zaune kusa da injin mota, saboda haka ya ɗauka shi ma injiniya ne.

"Kompadre, hagu ake juyawa."

"Hagun nake juyawa."

"Hagunka ko hagun motar?"

"Osmar, in ba za ka riƙe sifana ba, riƙe bakinka."

"Ai bayana ne ba ya so. Amma ido na nan garau, zan taya ka da kallo."

Gefen dama bai ba ni wahala ba. Noti na ƙasa ya fita, na sama ya fita, tsohon ƙarfe ya faɗo mini a ƙirji. Na tura shi da hannu ɗaya ya shige ba gardama, kamar ɗan majalisa a gaban babban mutum. Na ɗauki sabon, na danna shi na ja shi 'yan lokuta don man cikinsa ya zauna, na sa shi a mazauninsa. Har na fara fito, ina tunanin wataƙila asarar ƙasa aka yi da na ƙare a aski.

Sai gefen hagu. Notin sama ya yi tsatsa, ya manne da ƙarfensa kamar tare aka haife su. Na zuba masa mai, na ba shi lokaci ya yi tunani. Na buga masa guduma a hankali, na buga da ƙarfi. Na faɗa masa wasu kalmomi da ba zan maimaita a jaridar iyali ba. Sifana ya zame, na bar fatar yatsuna a jikin ƙarfe. Dona Creuza, mai sayar da burodin cuku a gidan da ke kallon namu, ta tsallako da kofi a hannu.

"Malam Belmiro, ka zuba masa lemon kwalba. Haka marigayi maigidana yake yi."

"Yana kwancewa, Dona Creuza?"

"A'a, amma tururuwa kan taru, sai ya sami wani abin da zai yi wa faɗa."

Ta yi alkawarin kunna kyandir a coci don notin, ta koma wajen tandarta. Na kwanta ina kallon ƙasan Filomena, rana na dukan ƙafafuna, zuciyata ta fara karaya. Ina jin Nilza a ciki tana jawo akwatinta ƙarami, wanda take shiga bas da shi.

Ana haka ƙasa ta fara rawa. Na ɗauka jak ne ya gaji da duniya, na yi wuf na fito. Me zan gani? Motar kwalta, da motar daɓe, da wata babbar mota cike da tukwanen furanni, duk a titinmu. Titin da rabonsa da ganin ma'aikacin hukuma tun ranar da aka zo ƙirga mu. Kafin ka ce me, an fara malala kwalta daga gidan burodi, wasu na shafa farin fenti a bakin hanya, wasu na rataye tutoci. Babban ramin kuwa, da yake cike shi zai ci lokaci, sai aka aza masa allon katako aka jera furanni a kai. Gaskiya ya yi kyau. Ban taɓa sanin yana da fasali haka ba.

Wani mutum ya fito daga farar mota, da kwat da nakatai da tumbi wanda ya riga shi isowa wurina. Kun san a garin nan duk mai nakatai Dakta ne.

"Motar wa ce wannan?"

"Tawa ce, Dakta. In saye za ka yi, ba ta sayarwa ba ce."

"A ɗauke ta yanzu. Mai Girma na zuwa buɗe sabon titi, nan kuma daidai inda masu hoto za su haska ne."

"Ranka ya daɗe, ni ma babban burina ke nan. Amma ka ga ƙafarta ɗaya a ƙasa take kwance."

Ya juya ga yaransa ya ce a kira motar ja. Aka ce masa tana ƙetaren gada. Ya ce ta zagayo ta babbar hanya. Aka ce tana layin mai tun safe. Ya ce a lulluɓe Filomena da ƙyallen da ke ɗauke da hoton Mai Girma. Aka gwada, ƙyallen ya gaza, fuskar Mai Girma ta zauna daidai kan tagar, labulen Nilza mai furanni ya zame masa ɗankwali. Osmar ya tafa. Aka yi maza aka cire.

Dakta ya share gumi. "To me ya hana ka gamawa, baba?"

"Noti ɗaya, Dakta."

Jama'a, ku da kuka san yadda ake jiran hukuma, ku tsaya ku ji. Cikin ƙiftawar ido aka tsayar da aikin titi, aka turo mini ƙarti biyu da dogon bututun ƙarfe. Suka zura shi a hannun sifana don ya ƙara tsawo, suka ja, suka ja har jijiyoyin wuyansu suka fito. Noti ya ce bai san zancen ba. Daga nesa kuma an fara jin jiniya.

Nilza ce ta fito ƙofa, ta dubi bututu, ta dubi Dakta daga sama har ƙasa, ta ce da muryar nan tata ta coci: "Dakta, ai duk wurin nan babu wanda ya kai ka nauyi. In ba kai ka sa hannu ba, ba na jin abin zai yiwu."

Bawan Allah ya ɗauka yabo ne. Ya tuɓe kwat ya miƙa wa Osmar, ya kama ƙarshen bututu, ya aza tumbinsa a kai, ya ɗage ƙafafunsa daga ƙasa. Muka zuba ido. Ya yi lilo sau ɗaya. Sai noti ya yi wata ƙara kamar ƙofar tsohon coci, ya saki. Dakta ya sauka daɓas a kan mazaunansa, unguwa ta ɗauki shewa.

Ni kuwa hawaye ne suka kusa zubo mini. Shekara da shekaru ina biyan haraji ina tambayar ina yake zuwa. Ashe ajiye mini shi ake yi a wuri mai aminci, ana tara shi loma bayan loma, sai ranar da na fi bukatarsa aka kawo mini shi har ƙofar gida. Duk wanda ya ƙara cewa ana cinye kuɗin jama'a a banza, ni da shi ne.

Sauran aikin kamar wasa. Wannan ya riƙe sabon shakazoba, wancan ya ɗaura taya, Dakta da kansa yana miƙo notuna yana cewa a yi sauri. Muka sauke ta ƙasa, na ƙara ɗaure notunan da nauyin motar a kansu. Osmar ya manta da ciwon baya, ya danna bayan Filomena da hannu biyu ya saki. Ta taso sau ɗaya ta tsaya cak, kamar budurwa. Na lallaɓa da ita cikin farfajiya, aka share wurin, aka aza tukunyar fure a kan tabon mai.

Mai Girma ya iso da jerin motocin da suka fi titin da ya zo buɗewa tsawo, har na baya suka tsaya a wata unguwa. 'Yan badujala suka busa, aka gitta jan ƙyalle, ya hau mumbari. Yana tsakiyar bayanin yadda jikokinmu za su gode masa sai wayar Nilza ta yi ƙara. Mijin Jussara ne: naƙuda ta fara, ba ta jira Asabar ba.

"Wayyo Maryamu! Belmiro, tayar da mota!"

Ban san lokacin da akwatuna suka shiga ba. Dona Creuza ta cusa mana ledar burodin cuku ta taga, Osmar ya buɗe ƙofar gida yana ihu a gaya wa Jussara ubanta na biyu yana addu'a. Hanyar fita ɗaya ce, ta kan sabuwar kwalta, ta tsakiyar taro. Nilza ta fito da rabin jikinta waje.

"Haihuwa! Haihuwa! Ku ba mu hanya!"

Jama'a suka dare. 'Yan matan da ke riƙe da ƙyallen suka ɗaga shi sama, Filomena ta wuce ta ƙarƙashi tana tari, ta zama motar farko a titin da ba a buɗe ba tukuna. Ta madubi na hango Dakta ya dafe kai. Amma Mai Girma ba a banza ya zama Mai Girma ba. Na ji shi a lasifika yana cewa: "Kun gani, ya ku jama'ata? Kwaltar ba ta ko bushe ba, ta fara ceton rayuka!" Aka tafa. Da alama ya ɗauka Nilza ce za ta haihu, ita kuma har yanzu ba ta yanke shawarar ko ta ji haushi ko ta ji daɗi ba.

Kwaltar ta ƙare daidai bishiyar mangwaro, inda idon kamara ya ƙare. Muka koma kan hanyarmu ta gado, Filomena na shanye ramuka ɗaya bayan ɗaya ba ko gezau. Kafin mu gangara daga duwatsu zuwa bakin teku Nilza ta yi barci da carbinta na coci a hannu, abin da ba ta taɓa yi a motar nan ba.

Mun iso a kan lokaci. Mace ce, lafiya lau ita da uwarta, da murya irin ta kakarta. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin haihuwa na ji kukanta na farko da kunnena. A kan ɗan teburin Filomena nake rubuta muku wannan, iskar teku na kaɗa labule.

Ɗazu Osmar ya bugo waya. Ya ce an kwashe furannin tun kafin ƙurar motoci ta lafa, amma unguwa ta koyi darasi. Dona Creuza ta jawo mataccen firjinta ta girke a bakin titi, wani ya fito da keken ɗinki, wani da kakarsa mai ciwon ƙugu a kan kujera, kowa na jiran ziyara ta gaba. Ni dai in wani cikinku ya ji inda za a yanka ƙyalle a makon gobe, don Allah ya raɗa mini da wuri in je in kama wuri. Birkin Filomena ya fara kuka.