Ranar da Na Kifar da Ƙasar Dawce

Ba zan taɓa mantawa da akwatunan nan shida ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina. Har yau in na ga kafinta yana haɗa dogon akwatin katako sai in sake hanya.

Shekarar da na gama karatun ilimin ƙasa da duwatsu a jami'a, na dawo Matameye da takarda a hannu da girman kai fal ciki. Wata bakwai ina zaman jiran aiki, Inna tana ba ni tuwo tana gaya wa maƙwabta cewa ana nan ana nemana. Ba wanda ke nemana. Sai ga wani kamfanin haƙar foraj, wato rijiyar burtsatse, ya zo neman ruwa a wajen Dawce, suka ɗauki mutum biyu estaj, wato koyon aiki, na wata uku, ni da wata 'yar Tawa mai suna Hadiza. Tun ranar farko Shef, wato injiniyan da ke riƙe da aikin, ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa in an gama mutum ɗaya za a riƙe a ba shi kwantaragi. Na dubi Hadiza sama da ƙasa na ce a raina ai magana ta ƙare. Ni ɗan gari ne, kuma na fi ta maki (haka dai na ɗauka, ban taɓa ganin nata ba).

Aikin ba shi da wuyar fahimta. Inji na huda ƙasa da bututu, yana fito da ita a mulmule kamar sandar rake. Sai a jera ta cikin akwatunan katako, kowanne na cin metir biyar, a rubuta lambarsa da alli a gefe. Namu shi ne mu buɗe, mu duba, mu murza a yatsa, mu rubuta: nan laka ce, nan yashi, nan tsakuwa. Da wannan rubutu ake sanin zurfin da za a sa bututu mai tsaga-tsaga wanda ruwa ke shiga ta cikinsa. In ya dace da yashi, gari ya sha ruwa. In aka dasa shi cikin laka, an yi wahalar banza. Metir goma na farko ba a ɗebi komai ba, saboda haka daga goma zuwa arba'in akwati shida ke nan.

Da aka zo rabon aiki, Hadiza ta ce ita za ta tsaya bakin inji tare da ma'aikata, tana rubuta abin da ke faruwa a kayenta, littafin da take riƙe da shi kullum. Ni kuwa na zaɓi rumfa da tebur da kujera, domin a nan ake rubuta rapor, wato rahoton aikin, kuma sunan mai rapor ne Shef zai gani. Ta yi baƙi ƙirin cikin mako biyu. Ni ko tabon laka ban bari ya taɓa rigata ba.

A nan ya kamata ku san Kawu Ilu, yayan Innata. Mai haƙar rijiya ne, ya fi shekara arba'in yana shiga rami daga Dungu har Ɗan Barto. Shi ya riƙa kai ni lekwal, makarantar boko, a bayan kekensa ina ƙarami, kuma shi ya fara kirana Injiniya tun ban san me kalmar ke nufi ba. Da ya ji an ɗauke ni, ya tako har wurin aikin don ya gani da idonsa. Ya tsuguna gaban wani akwati zai kai hannu, na ce masa ba a taɓawa. Gaskiyar magana, ni kunyar faratansa nake ji, da rigarsa mai faci, a gaban mutanen da nake so su ɗauke ni wani abu.

Ranar Alhamis da la'asar, kwana ɗaya bayan an gama haƙa, ruwan farko na damina ya sauko. Ina cikin gari lokacin (na je kai farar rigata guga, kada ku tambaye ni dalili). Akwatunan suna waje, an ɗora su ɗaya kan ɗaya, sai ma'aikata suka kwashe su da gudu zuwa rumfa. Da safe na tarar an sake ɗora su tsaf ɗaya kan ɗaya, amma ruwa ya wanke allin tas, ba ko lamba ɗaya. Ban damu ba. Na san yadda ake ɗora su kullum, na farko a ƙasa, sabo a sama. Na ɗauki alli na fara daga ƙasa: ɗaya, biyu, uku, har shida.

Duk macen da ta taɓa kwashe jeren kwanuka daga wannan kusurwa zuwa waccan ta san na sama ake fara ɗauka, kuma shi ke komawa ƙasa. Ni mai digiri ban yi wannan tunanin ba. Ma'aikatan da suka yi kwasar suna zaune taku goma daga inda nake, suna shan shayi. Tambaya ɗaya ta ishe ni. Amma a makon nan na gyara wa babbansu Faransanci a gaban yaransa, kuma a ganina injiniya ba ya tambayar lebura.

Ƙasar ma ta yi mini gargaɗi. A ƙarshen akwatin da na sa wa lamba ɗaya, sai ga guntun baƙin dutse mai tauri, irin wanda ake tararwa can ƙarƙashin komai. Mai hankali zai tsaya ya ce me ya kawo wannan metir goma sha biyar. Ni sai na yi murna. Na zauna na cika rabin shafi da bayanin wani tsohon kogi da ya gangaro da dutsen tun zamanin da ba mutane. Na karanta abina sau uku don daɗi.

Shef ya yi mako guda a Damagaram, ya dawo ranar da za a yi wa mutanen gari bayani kafin a sa bututu. Shi mutumin yamma ne, Hausarsa ba ta kai ta taro ba, sai ya ce ni ɗan gari in yi. Da safen nan na miƙa masa rapor, ya sa a hammata bai buɗe ba. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin gawo. Ga mai gari, ga wakilin magajin gari, ga mata a gefe da yara a baya. Na sa aka jera akwatunan a ƙasa a buɗe, daga ɗaya zuwa shida. Na aika tun jiya a gaya wa Inna da Kawu su zo, don su ga abin da suka haifa.

Na miƙe cikin farar rigata da hular kwano. Na ce Allah ya yi wa Dawce gata, yashi mai ruwa yana nan kusa, daga metir goma zuwa ashirin da biyar, ƙasa da haka kuwa jar laka ce zalla. Na ce a nan saman za a sa bututun. Mata suka fara guɗa. Sai na hango hannu a sama, can ƙarshen tabarma.

"Injiniya, a gafarce ni," in ji Kawu. "Rijiya uku na haƙa a garin nan. Jar laka ce ke fara tarar mutum. Sai ka wuce gaba goma sha huɗu kafin ka ji sanyin yashi a tafin ƙafarka."

Da na ce to za a duba, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma na ga wakilin magajin gari ya juya yana kallon rigar Kawu, sai na ce:

"Kawu, wannan aikin inji ne da ilimi, ba na dagi da guga ba. Ka bar waɗanda suka yi karatu su yi magana."

Wasu samari suka yi dariya. Kawu ya sauke hannunsa a hankali ya ce, "To, Injiniya." Inna ta sunkuyar da kai tana tsinkar bakin tabarma.

Shef ya tambayi Hadiza me tsohon ya ce, ta fassara masa. Ya nemi kayenta. Ban ji daɗin yadda ya daɗe a kan shafin ƙarshe ba. Ta gaya masa da murya ƙasa-ƙasa cewa ranar ƙarshe inji ya ci karo da dutse mai tauri a metir arba'in, shi ya sa aka tsaya. Ya juyo ya tambaye ni ina dutsen yake. Ni kuma, Allah ya shirye ni, har lokacin ban gane ba. Na nuna akwati na ɗaya da fara'a, na soma labarin kogina. Ya taka ya ɗauko dutsen, ya ɗaga shi sama.

Babban ma'aikatan nan da na gyara wa Faransanci ya leƙo, ya ce da ƙarfi yadda na bayan taro ma za su ji, "Ai wannan shi ne akwatin ƙarshe. Mu muka kwashe su ranar ruwa, kuma na sama muka fara ɗauka. Ba wanda ya tambaye mu." Sai wata tsohuwa ta tambayi ta kusa da ita me ya faru. Aka ce mata yaron ne ya kifar da ƙasa, ya mai da sama ƙasa. Dariyar da aka yi wa Kawu ba komai ba ce kusa da wannan. Har mai gari sai da ya rufe baki da rawani.

Shef bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tattaro 'yar Hausarsa ya ce, "Tsoho gaskiya. Kai, gyara akwati."

Akwati ɗaya sai mutum biyu ke iya ɗaga shi, yana da igiya a kowane gefe. Na dubi ma'aikata, kowa ya harɗe hannu. Na kama igiya ɗaya na ja, ko motsi bai yi ba, hular kwanon ta faɗo ta gangara gaban mata. Ina tsugunne ina neman inda zan sa idona sai na ga hannu ya kama ɗaya igiyar. Na gane faratan.

"Ɗaga da gwiwa," in ji Kawu, "kada ka ji wa bayanka."

Haka muka yi ta kai da kawo, ni da shi, na ɗaya ya koma na shida, na biyu ya koma na biyar, na uku na huɗu, mutanen Dawce suna ƙirga mana. Kafin mu gama farar rigata ta koma kalar tukunya.

Aka ba Hadiza kwantaragi. Ta cancanta, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, don ban samu ko wanda zan ɗora wa laifi ba. Ni aka ba ni takardar shaida mai layi biyu, wadda ke cewa na halarci estaj. Halarta kam na yi. Na kai ta wurare da yawa, amma masu haƙar foraj a ƙasar nan duk sun san juna, kuma labari ya riga ni isa ko'ina. Yanzu ina koyar da kimiyya a wani koleji mai zaman kansa, ina zana wa yara jerin ƙasa a allo, kuma kullum sai na duba sau biyu wanne na sa a sama.

Bayan kwana biyu Inna ta ce in je in ba yayanta haƙuri. Na je da jawabi a baki. Bai bari na kai rabi ba. Ya ce in bar wannan, shi abin da yake so shi ne in ara masa ɗan madubin nan da muke duba yashi da shi, don ya shekara arba'in yana taɓa shi bai taɓa ganin ƙwayarsa da girma ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Har yau in mun haɗu Injiniya yake ce mini, kuma na saurara da kyau, ba gatse a ciki ko kaɗan.

Darasin da na samu ba shi da yawa, ga shi kuma ya zo bayan aiki ya tafi: kafin ka sa wa abu lamba, tambayi wanda ya ɗauko shi, kuma in mai laka a farce ya ɗaga hannu, kai mai farar riga ka rufe bakinka. Foraj ɗin yana nan yana aiki, an sa bututunsa daidai inda Kawu ya faɗa. Bara na bi ta Dawce a kan babur, ƙishi ya kama ni, na tsaya nesa kaɗan da hula a kan fuska na roƙi wata mata ta sam mini ruwa. Na so in same shi da gishiri-gishiri ko ɗan wari. Ruwan garau yake, ga sanyi, sai da na ƙara moɗa biyu.