Jatau da Batirin Akori-kura

A wani ƙauye kusa da Funtuwa akwai wani magidanci ana ce masa Jatau. Gida ɗaya suke da wansa Sallau, mai akori-kura ɗaya tilo a garin. Jatau ba rago ba ne, ga shi da son sanin dalilin komai. Sai dai yadda ka faɗi magana, haka yake ɗaukarta.

Wata rana, ana gab da shiga ɗari, motar ta ƙi tashi. Sallau ya leƙa inji ya ce, "Batirin nan sai an kai shi caji." Jatau ya ɗora shi a ka, bai zame ko'ina ba sai caji ofis.

"Me ya yi?" in ji ɗan sandan da ke kan kanta.

"Ranka ya daɗe, ni ma abin da na zo ji ke nan."

Wata rana kuma bakanike ya ce batirin yana son ruwa. Jatau ya cika ƙwarya ya ajiye masa, ya tsuguna yana jira. Da azahar ya sami Sallau ya ce, "Yaya, tun hantsi ko kurɓa bai yi ba. Wai ta ina yake sha?"

Sallau dai kullum cikin waswasi yake: ya sayi sabo, ko ya lallaɓa tsohon har sanyi ya wuce.

Wata rana da la'asar, an gama loda tumatirin manoman gari da za a kai kasuwa da sassafe, sai Sallau ya gwada motar. Da ƙyar ta amsa. Ya ce, "Batirin nan ya yi sanyi. In ya ƙi gobe, kayan mutane sun ruɓe."

Jatau ya taɓa shi, ya ji lallai da sanyi. Tausayi ya kama shi. Bayan kowa ya watse ya kwance shi, ya kai ɗaki, ya lulluɓe shi da bargonsa nesa kaɗan da kaskon garwashi.

Gari ya waye da sanyin da har man shafawa ya daskare. Sallau ya buɗe inji ya ga wayam. Yana cikin salati sai ga Jatau rungume da batiri, da ɗuminsa. Aka ɗaura. Bugu ɗaya motar ta tashi, alhali a bakin titi ma turin motoci ake ta yi.

Sallau ya dubi ƙanensa ya ce, "Yau dai zan sayo sabo."

"To Yaya, ka sayo har da bargonsa," in ji Jatau. "Ni a takure na kwana."