Sallau da Kwamfutar da Ta Rasa Adireshi

A wani ƙauye bayan kogi akwai wani mutum, Sallau, wanda in ka ce ya yi abu, sai ya yi shi daidai yadda ya fito daga bakinka, ba ragi ba ƙari. Su uku ne a gidan: shi, da mahaifiyarsa Inna Kande, da matarsa Lantana. Da Lantana za ta tafi birni koyon aikin ungozoma, sai ta bar masa tsohuwar kwamfutarta da ɗan akwatin intanet, don su riƙa ganin juna kowace Juma'a da la'asar.

Wata rana kwamfutar ta ƙi haɗuwa da akwatin. A makon ne kuma Lantana ta kira shi a 'yar wayarsa mai madannai ta ce, "Maigida, ina da labari, amma ba zan faɗa ba sai ina ganin fuskarka." Sallau ya buga wa Barau, mai gyara a kasuwar gari. Barau ya ce, "Adireshi ne ba ta samu ba. Akwatin ne ke ba kowace na'ura nata. Kashe shi ka jira, sannan ka kunna." Sallau ya kashe, ya shimfiɗa tabarma, ya zauna. Inuwar darbejiya ta zagaya tsakar gida, yana tunanin yadda Lantana ke karkata kai in za ta yi dariya. Kwana biyu yana nan, salla kawai ke tashinsa.

Inna ta ce, "Kai kuwa, zaman me kake yi?"

"Jira aka ce, Inna. Ba a ce ya isa ba."

Wata rana, Laraba ce, Barau ya ce, "Matsar da kwamfutar da akwatin kusa da juna, kada komai ya shiga tsakaninsu." Sallau ya ɗauko ɗankwalin Lantana mai ƙamshin turaren wuta, ya ɗaure su tare a kan gado, ya tsaya gadi da mafici. Ya kori kyanwa, ya kori ƙuda. Da Inna ta zo ɗaukar tsintsiya, ya roƙe ta ta zagaya ta bayan gado. Can ya dube su manne da juna, ya yi ajiyar zuciya.

"Ku dai kun ji daɗi," in ji shi.

Kwamfutar ba ta ko motsa ba.

Wata rana, ita ce Juma'ar, ya buga wa Barau sau bakwai kafin masallaci. Barau ya gaji, ya ce, "Malam, ni na ƙure. Tara mutanen unguwa su kashe wayoyinsu su taya ka addu'a." Ya katse.

Ana sallamewa Sallau ya bi gida-gida. Mutane suka zo, wasu don tausayi, wasu don kallo. Ya tsaya bakin zaure, ba mai shiga sai ya ga wayarsa ta mutu. Wani tela ya ce, "Har tawa, ango?" Ya ce, "Har taka." Aka ɗaga hannuwa, ya kunna akwatin.

Ashe rabin unguwar daga akwatin nan suke shan intanet, don duk wanda ya tambayi Sallau lambar sirri, karanta masa yake yi. Adireshi goma kacal akwatin ke rabawa, kullum wayoyin maƙwabta ke rigan kwamfutar kwashewa. Yau da ba kowa a layi, ta samu nata.

Ba a shafa addu'a ba sai ga Lantana a fuskar kwamfutar, cikin farin mayafi, hasken taga a gefen kumatunta. Ta buɗe baki, ta hangi unguwa guda a bayan mijinta, har da surukarta. Sai ta sunkuyar da kai, ta ja mayafin ta rufe fuska, ɗaya hannun ya sauka a kan cikinta.

Mata suka dubi juna. Wata ta rangaɗa guɗa. Inna ta juya baya tana murmushi, ta kora mutane waje kamar kaji.

Sallau kaɗai bai gane ba. Ya durƙusa gaban kwamfutar.

"To, mene ne labarin?"

Lantana ta sauke mayafin a hankali. "Kai dai kalle ni."

Ya kuwa kalle ta. Tun da aka haife shi ba a taɓa sa shi aikin da ya iya kamar wannan ba.