Ranar da Na Nemi a Ɗage Auren Ƙanena

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanena Sani ba, kuma ko na so, 'yan gidanmu ba za su bar ni ba. Ni lauya ne a Yamai, amma a Dogon Dutsi aka binne cibiyata. Da Sani ya samu mata a Tibiri, dangi suka ce ni ne wakilin ango, wai bakin lauya ba ya kuskure. (Wanda ya fara faɗin haka, Allah ya yafe masa, ni dai ban yafe ba.)

Sau biyu ana ɗaga ranar auren nan saboda ni. Na farko ina da shari'a a Dosso, na biyu maigidana a wurin aiki ya hana ni hutu, wai masu ƙara ba su san biki ba. Baffan amarya kuwa, Alhaji Ummaru, makiyayi ne da ba ya magana biyu. Ya aiko cewa in aka sake ɗagawa, Sani ya nemi wata. Sani ya kira ni kamar zai yi kuka, na rantse masa zan zo.

Na zo kam, amma gangar jikina ce ta zo. Sati uku ban yi barcin kirki ba, a mota ma takardun shari'a nake karantawa. Muna isa aka kawo fura da nonon shanun Alhaji, na sha har na lashe ludayi. Aka zaunar da ni kan tabarma gaban liman, cikin inuwa, iska na kaɗawa. Liman ya ɗauko doguwar nasiha kan haƙƙin aure. Iyakar abin da na sani ke nan.

Bari in tona asirin sana'armu. A kotu lauya kan yi awa uku yana jiran a kira shari'arsa, rabinmu gyangyaɗi muke yi. In kira ya same ka ba shiri, magana ɗaya ce ke fid da kai: ka miƙe ka roƙi a ɗage zama. Shekara tara ina yi, har bakina ya iya ba sai ya tambaye ni ba.

Sai na ji an zungure ni an ce, "Lauya, kai ake jira." Zumbur na miƙe, na gyara wuyan babbar riga kamar baƙar rigar kotu, na dubi liman na ɗaga murya:

"Ranka ya daɗe mai shari'a, ba mu kammala shiri ba. Muna roƙon a ɗage zama zuwa sati biyu."

Alhaji Ummaru ya karkato kunne ya ce, "Mi ya ce?" Wani ɗan baƙin ciki ya maimaita masa, bai rage ko kalma ɗaya ba. Alhaji ya laluɓi takalminsa, mutanensa suka miƙe. Kallon da Sani ya yi min, wallahi gara mari.

Kawunmu Malam Idi ya fizgi rigata har na faɗi zaune. Daga hantsi har azahar yana bin Alhaji da ban haƙuri. Abin da ya fi ƙona min rai, duk sanda na buɗe baki zan yi bayani sai a ce in yi shiru, ni da alƙalai ke saurara! Daga ƙarshe Alhaji ya yarda a ɗaura, amma ya nuna ni da sanda ya ce ba da wannan a wurin ba.

A cikin mota na shafa fatihar auren ƙanena, ina gumi. Ina shafawa waya ta yi ƙara: maigidana ne, yana tambaya ko na gama karanta takardun. Mutumin nan ko kunya! Na kashe wayar, karon farko tun da na fara aiki, na yi ta zaginsa a zuci, daga baya na dawo kaina, don ba shi ya miƙe gaban liman ba.

Tun ranar na koyi cewa lauyan da bai ɗauki hutu da kansa ba, hutun zai ɗauke shi a gaban surukai. Yanzu ina neman hutuna, ina barci kamar kowa. Amma dangi ba su sake yarda da ni ba. Bara matar Sani ta haihu, suka gayyace ni suna da girmamawa, sai dai sun ce in iso bayan an raɗa.