Ranar da Na Maƙale a Saman Binuwai

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, har da ɗan Turancin da na tsinta kafin in bar makaranta a aji huɗu. Amma ranar da na maƙale a saman kogin Binuwai, mahaifina yana kallo, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Zamanin Jihar Arewa Maso Gabas ne, ana aikin gadar Jimeta. Kafin gadar, duk mai zuwa Girei sai ta fito. Motoci su jira jirgin gwamnati, talakawa su shiga kwalekwale, kuma Babana yana cikin masu kwalekwalen. Ni kuwa na raina sana'ar. Ina jin ɗan boko ne ni, sai na shiga leburancin gada. Aikina ɗaukar siminti daga mota zuwa bakin ruwa, shi ke nan. (Yau dubban mutane suna tsallake gadar nan a guje, babu wanda ya san bayan wa ya karye a gindinta. To, nawa ne.)

A ofishin Baturen aikin akwai kalanda mai hoton wata shahararriyar gada ta ƙasar Amurka, wadda ke rataye a kan igiyoyin ƙarfe. Helumanmu, wato shugaban leburori, Istifanus mutumin Numan, shi ya ba mu labarinta. Wai sai da aka fara gina dogayen hasumiyoyi biyu, sannan aka riƙa jan waya sili-sili daga wannan gaɓa zuwa waccan har ta yi kaurin gindin kuka, sannan aka rataya titi a jikinta. Tamu ba irinta ba ce, a kan ginshiƙai take zaune. Amma tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi an ɗaura wata siririyar hanya ta wucin gadi: igiyoyi biyu da katakai a kai, da igiya ɗaya ta riƙewa. Lilo muke ce mata. Sai gwanaye suke hawa.

Na kwashi labarin Amurka na kai gida, na juye wa Baba yana cikin ɗinkin komarsa ta kamun kifi.

"Baba, mutane suna can suna rataye titi a sama, ku kuna nan da filafili. Gadar nan tana ƙarewa, fito ya mutu."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Allah ya taimaka. Kai wane aiki kake yi a ciki?"

Da na ce siminti, da an wuce wurin. Sai bakina ya ce, "Ni nake hawa lilo."

Bayan ƴan kwanaki, da hantsi, ruwa ya cika ya yi jawur, heluma yana neman mai kai jakar sifanun ɗaure ƙusoshi ginshiƙi na biyu. Daidai nan na hango kwalekwalen Baba ya taso daga tsallake, cike da mata masu tallan nono. Na yi wuf na ɗauki jakar.

Istifanus ya ce, "Kai, ɗan mai fito, ka taɓa hawa abin nan?"

Na ce, "Oga, a kan ruwa aka haife ni."

Taku goma na farko lafiya lau, har ina gyara hula. Da na kai tsakiya sai na leƙa ƙasa don in ga ko Baba yana kallona. A nan na yi kuskuren. Ɗan masu fito ko na goye ya san ba a zuba wa ruwa mai gudu ido, amma ni ai ban tsaya na koya ba. Sai na ga ruwan ya tsaya cak, lilon ne yake gudu da ni. Jakar ta suɓuce, tsulum. Na kwanta rub da ciki, na rungume katako, ina salati da ƙarfi. (Kar ka tambaye ni batun wando. Na ce gumi ne, har gobe gumi ne.)

Aiki ya tsaya. Leburori suna ihu, heluma yana zagi, matan cikin jirgi suna tafa hannu. Na ji wata tsohuwa tana cewa, "Wayyo, ɗan waye wannan ya manne kamar ƙadangare?"

Abin da na fi tsoro ke nan, ya fi faɗawa ruwan. Ni ɗan fari ne. A al'adarmu uba ba ya nuna ɗan fari, ba ya ko kama sunansa. Tun tasowata "kai" nake, ko "wannan". Da Baba ya yi shiru, babu mai ganin laifinsa.

Ya ce, "Nawa ne."

Sannan ya karkato jirgin, ya tsayar da shi daidai ƙarƙashina, yana kokawa da igiyar ruwa, ya ɗaga kai ya kira sunana. Sunana na yanka, a gaban kowa.

"Bar kallon ruwa, ruwa maƙaryaci ne. Ka ga giginyar can a gaɓa? Ita za ka kalla. Ina nan ƙasanka. In ka faɗo, a jirgina za ka faɗo."

Haka na ja ciki, katako bayan katako, idona a kan giginya, shi kuma yana bina a ƙasa da filafilin da na raina, har na taɓa kankare. Matan suka rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya.

Heluma ya mayar da ni siminti, leburori suka raɗa mini Injiniyan Lilo. Har yau akwai tsofaffi a unguwarmu Gwadabawa da ba su san ni da wani suna ba, Allah ya isa. Da yamma na shiga gida kamar ɓarawo. Inna ta tambayi Baba labarin bakin ruwa, ya ce, "Ruwa dai ya ƙaru." Sai ya turo mini kan kifin da ke akushinsa. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da zancen ba, kuma bai sake kama sunana ba.

Ni dai abin da na koya, a makare, shi ne: in za ka yi wa mahaifinka cika baki, ka yi shi inda ƙafarka take taɓa ƙasa. In kuwa ƙaddara ta kai ka sama, ka roƙi Allah ya sa shi ne a ƙarƙashinka.