Rasuwar Wayar Dije a Ƙarƙashin Randa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin Mai Duka, ni Dije, matar marigayi Malam Uzairu, ta ƙauyenmu na yamma da Managil, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar wayata mai shafawa, wadda ita ce ta fari a irinta da na taɓa riƙewa. Ta cika ranar Talata tsakanin azahar da la'asar, bayan gajeruwar jinya ta zazzaɓi. Allah ne ya ba ni ita ta hannun 'yata Ilham da ke aure a Sinja, shi ne kuma ya karɓi abarsa.

Gaskiya ɗaya ce, ranar da marigayiyar ta iso gidan nan ban yi mata maraba ba. Na saba da ƙaramar wayata mai maɓalli, wadda za ta faɗo daga kan jaki ta tashi ta kaɗe jikinta. Wannan baƙuwa kuwa fuska ce zalla kamar madubi, ba inda za ka danna ka ji ta amsa. Yatsuna da tsinkar auduga ta sa suka yi kanta, ta ce ba ta san su ba. Sai ƙaramin yatsana na hagu, wanda bai taɓa tsinana komai ba tun da aka haife ni, shi kaɗai take yi wa biyayya.

Amma ta kasance mai haƙuri da rufin asiri. Idan Ilham ta kira ta hoto, nakan kara ta a kunne, har jikokina Rayan da Widad suka daɗe suna gaisawa da ɗan kunnena. Ta ɗauki hoton rufin rakubarmu, wato rumfar tsakar gida, da hancina da ƙafar akuya ba adadi, ba ta taɓa nuna wa kowa ba. Idan saƙon murya ya shigo takan ce "tiriin" a hankali, kamar mai jin kunyar tada mutum. Ni kuma in saurara in amsa da baki, ban san sai an danne wani wuri ba, har aka fara cewa a Sinja wai Dije ta yi babbar waya ta daina amsa gaisuwa. Daga baya na koyi dannewar. Amsawa da baki dai ban bari ba, don ba a yi mini tarbiyyar a gaishe ni in yi shiru ba.

Malam bai taɓa ƙaunarta ba. Madubin marasa aiki yake ce mata. Shekarar da ruwa ya ƙi isowa hawasharmu, gonarmu ta ban ruwa, ya bi ayarin masu yankan riɗi can bayan Sinja, kuma daga can ne wani abokin aikinsa, Hamid, ya matsa masa ya yi magana a cikin wayar shi Hamid ɗin aka turo mini. Ga abin da marigayiyar ta riƙe, kuma ba ta taɓa rage harafi ba:

"Salamu alaikum. Dije, ni na, Uzairu. Muna lahiya, aikin ne dai katir. Kin sha shayi? Kak ki zauna kina jirana, sha abinki. A ba akuyag ga moya. Ya Hamid, halas? Ta kama? To mi zan ce kuma?"

Sai tari ɗaya, sai dariyar maza a bayansa. Haka bakinsa yake, gauraye da Larabcin ƙasar nan: katir da yawa, moya ruwa, halas an gama.

Ya dawo da ciwon da bai tashi ba. Cikin takaba, lokacin da masu gaisuwa suka watse gidan ya yi mini faɗi, marigayiyar ce ta zauna da ni. Kullum bayan asuba in ɗora shayi, in jingina ta da tulun sukari, in taɓa ta da ƙaramin yatsa. Ya tambaye ni ko na sha, in ce na sha, Malam. Wata rana ban sha ba, amma haka nake cewa don hankalinsa ya kwanta. Na fita takaba, shekara ta zagayo, ban fasa ba. Abin da ke cikinta ke nan, kuma ba shi a ko'ina sai cikinta.

Ciwon ajalinta ya zo da zafin bana. Na ɗauke ta na ji jikinta rau, fuskarta ta dushe, ta rubuta wani abu da ban iya karantawa ba. Kowa a ƙasar nan ya san inda ake kai abin da zafi ke neman lalatawa: ƙarƙashin randa, kan yashin nan mai sanyi, inda muke ajiye nono da lemun tsami. Na naɗe ta da ƙyallen tsohon mayafi, na kwantar da ita, na tafi taya maƙwabciyata Hindu yin kisira, wainar dawa mai faɗi, ta bikin suna. Randa kuwa ta ci gaba da ɗiga yadda ta saba tun zamanin surukata. Da na dawo zazzaɓin ya sauka, ya tafi da mai shi.

An yi iya yi. Hindu ta binne ta cikin kwanon dawa ta kwana. Musbahu mai gyara a kasuwar Managil ya buɗe ta, ya busa, ya gasa, daga ƙarshe ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya ce ruwa ya kai ga zuciya. Na aika a nemo Hamid, ya aiko cewa tasa an ƙwace ta a hanya tun shekarar gudun yaƙi. Ilham ta yi kuka, ta tambaye ni ko na adana muryar a wani wuri. Wa ya gaya mini murya ma ana yi mata rumbu? Masu cewa ni na kashe ta, su zo su nuna mini inda ake kai mai zazzaɓi a gidan da ba fanka. Amma ko na ci gardamar, ni ce dai na wayi gari shayi na tafasa ba wanda ya tambaye ni, kuma wallahi ya fi mini ranar jana'izar Malam ciwo.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin zare a wuya, da jakar da na ɗinka mata, da yayarta mai maɓalli, wadda aka fito da ita daga akwati tana nan garau, sai dai ba ta taɓa jin muryar Malam ba. Ilham ta ce za ta aiko da wata. Allah ya yi mata albarka, a kawo, zan riƙe ta amana, amma kada a ce mini madadi ce.

Ba za a yi wa marigayiyar wanka ba, ruwan da ta sha ya isa. Za a sa ta cikin hular Malam, a kwantar a akwatin ƙarfe tare da jallabiyarsa, gobe Juma'a bayan la'asar. Zaman makoki a rakuba, akwai shayi da gahawar jabana. Kada a yi ta'aziyya ta waya.

Roƙo ɗaya gare ni, wurin Attahiru ƙanen Malam, wanda kowa ya san muryarsu ɗaya. Jibi bayan asuba ya zo, kada ya shigo, kada in ga fuskarsa. Ya tsaya bayan katanga ya tambaye ni sau ɗaya ko na sha shayi, sannan ya juya ya tafi. Zan amsa yadda na saba.