Gulbinmu Bai Motsa Ba

Jiya da safe na sauka fadama in duba masarata, sai na tarar gulbi ya riga ni. Ya gutsure gaɓa, ya tafi da 'yan kunyoyin da suka rage mini, har da giginyar da na gada wurin babana. Ban yi kuka ba, domin hukuma ta riga ta tabbatar mana cewa gulbin nan bai motsa ba.

Ga yadda abin yake. Mu nan gefen Kalgo, gulbi shi ne iyakar gona. Abin da ya ci ta gefena, can tsallake yake zubarwa, a gonar Basharu. Shekara da shekaru gonata na ramewa, tasa na ƙiba. Muka kai kuka, muka sake kaiwa. Bara da rani sai ga motoci, ga Mai Girma Sarkin Awo, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka, ga wata na'ura mai ƙafa uku. Suka leƙa, suka ja igiya, suka kafa turken ƙarfe mai jan fenti a gonata. Wai daga turke zuwa bakin ruwa za su riƙa aunawa, in ruwa ya matso a yi mana ganuwar dutse.

Kafin ya shiga mota ya nuna ni da makulli. "Kai mai gona, wannan kayan hukuma ne. In ya faɗa ruwa, kai za mu kama."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Damina ta sauka, gaɓa ta fara zubewa. Da ruwa ya kusa turke, na cire shi, na ja baya, na kafa. Ya sake matsowa, na sake ja. Masara ta tafi, amma ko fentin turke bai ɗaye ba. Ni ba na wasa da amana.

Da kaka suka dawo, suka ja igiya. Mai Girma ya washe baki. "Daidai da awon farko! Ban taɓa ganin gulbi mai natsuwa irin wannan ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai turken..."

"Yana nan lafiya, mun gani. Madalla da kai."

Gilashin mota ya rufe. Ganuwa kuwa, aka ce ba mu da bukata.

To jiya ina nan tsaye, sai Basharu ya ƙwala mini kira daga tsallake. "Maƙwabci! Baɗi ka ƙara taki mana! Ƙasar da ka aiko bana ba ta da ƙarfi!"

Na cire turke, na ja baya kamar kullum, sai na ga ashe na shiga gonar maƙwabcina Ubaidullahi. Na kafa masa, na kira shi, na yi masa bayanin amana dalla-dalla.

Tunda dai masu ilimi sun auna sun ce gulbi bai motsa ba, ina jin gonata ce ta tashi ta tafi. Wanda ya gamu da ita a hanya, ya ce ina gaishe ta.